Ƙiba: yadda ake gane ta wuce kima

A ƙauyukan Makoda, idan mutum ya yi jiki sai a ce ya samu hutu, amarya kuma a ce gidan miji ya karɓe ta. Ba abin mamaki ba ne, domin rama muka fi sani, musamman a tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa. Amma teɓa ta fara shigo mana ta hannun babur da ya maye gurbin tafiyar ƙasa, da lemon kwalba, da shayi mai suga cokali huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ita.

A asibiti ana raba nauyin mutum da tsayinsa, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Mai kilo 90 da tsayin mita 1.7 zai samu 31. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa an shiga teɓa.

Ni dai na fi son awon igiya, don ba ya buƙatar sikeli. Ka yanki igiya daidai tsayinka, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, tumbi ya yi yawa. Kitsen ciki ya fi na cinya haɗari, saboda shi ke lulluɓe hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa suga. Daga nan ciwon suga da hawan jini ke samun ƙofa, bayansu kuma shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ciwon gwiwa da minshari mai ɗauke numfashi su ma suna biyo baya. Hawan jini ba ya sallama, don haka wanda igiyarsa ba ta haɗu ba ya je asibitin Koguna ko Babban Asibitin Dambatta a auna jininsa da sugansa. Ƙafar da aka danna da yatsa ta lotsa kuwa kumburi ne ba ƙiba ba, a gaggauta ganin likita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar “sha ka fashe” da wasu 'yan mata ke saya a kemis don su ciko kafin biki. Maganin wasu cututtuka ne daban, yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana hau da jini da suga, yana raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina dare ɗaya, hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage mata a hankali.

Rage ƙiba ba ya buƙatar horon yunwa. Mai kilo 90 da ya sauke 5 zuwa 9 zai ga bambanci a awon jininsa. Tuwon dawa da gero ba su da laifi, malmala ta uku ce matsalar. A yawaita wake, zogale da rama, a rage mai da dunƙulen miya, a sha fura ba suga. Manomi yana ƙona abincinsa da damina, da rani ne zama ke yawa, sai ya riƙa tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Matan da ke cikin gida ma suna iya zagaya tsakar gida da sassafe kafin rana ta yi zafi.