Roba ba iri ɗaya ba ce: mu duba lambar da ke gindin kwano

Daga babbar kasuwar Maradi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, har Katako a Yamai, kayan roba sun kusa ture ƙwarya da akushi daga gidajenmu. Bokiti, baho, kofi, kujera, duka roba muke ce masu. Alhali kowace da halinta: wata tana jure zafi, wata ko ruwan shayi ba ta ɗauka. Tunda a cikinsu muke zuba koko da tuwon yaranmu, ya kamata mu san bambancin.

Yawancin kayan nan zubi ne, kamar yadda maƙera ke zubin tukunya. Ɗanyar robar tana zuwa ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa. Inji ya narkar da ita, ya tura ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe, ta huce, a buɗe, sai ga bokiti ya faɗo. Ɗan tabon nan mai kamar cibiya da muke gani a gindin bokiti, ta nan robar ta shiga. Wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, shi ya yi rajistar injin farko a 1872. Jarka da buta kuwa ba zubi ba ne, hura su ake yi. Da yawa daga kayan kasuwanninmu daga masana'antun Kano suke shigowa, irin na Sharaɗa da Bompai.

To, ta yaya za mu gane irin robar? Tun 1988 aka fito da lambobi daga 1 zuwa 7 a Amurka, sauran ƙasashe suka ɗauka. Ana buga lambar cikin wata ƴar alama mai kusurwa uku, galibi a gindin kaya.

Lamba 5, wato PP, ita ce ta kujeru, kofuna da kwanonin abinci masu murfi. Ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160, shi ya sa ta fi dacewa da abinci mai zafi. Maƙiyinta rana: kujerar da ke yini a tsakar gida takan koɗe, ta yi gautsi, wata rana ta karye da baƙo a kai.

Lamba 2, HDPE ko PEHD a Faransanci, ita ce ta akwatin lemo, murafen kwalabe da wasu bokitai. Tana da ƙwari, ba ta saurin fashewa in ta faɗi. Ƙanwarta lamba 4, LDPE, ta fi laushi, da wuri take narkewa, wajen digiri 110. Da ita ake yin leda da murafe masu lanƙwasuwa.

Lamba 1, PET, ita ce kwalbar ruwa da ta lemo. Da zubi ake fara ta, ƴar ƙarama kamar yatsa, sannan a hura. Da zafi ya kai wajen digiri 70 sai ta fara motsewa. Ke nan masu sayar da zoɓo da lemon citta su bari ya huce sarai kafin su ɗura.

Lamba 3, PVC, ita ce ta mahaɗin bututun ruwa da wasu takalman roba. In aka ƙona ta, hayaƙinta yana da guba mai cin huhu da ido. Lamba 6, PS, ita ce ta cokulan da ake yarwa bayan biki. Gautsi gare ta, kuma ba ta son zafi. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk wadda ba ta shiga shidan farko ba. Cikinsu har da mai ɗauke da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kwalbar shayar da jarirai tun 2011.

In babu lamba fa? Mu jefa guntun robar cikin ruwa. Lamba 2, 4 da 5 suna tasowa sama, 1 da 3 suna nutsewa. Masu tsintar tsofaffin robobi su sani, rarraba su yana da amfani, don in aka niƙa iri biyu tare, kayan da za su fito ba sa ƙarko. Kuma robar da aka sake narkarwa, sau da yawa mai duhun launi, ba a san me ta taɓa ɗauka ba. Ta yi wanki da ban ruwan dabbobi, ban da abinci.

Tun 2014 Nijar ke da dokar hana leda maras kauri, amma har yau muna ƙulla koko mai tururi a cikinta, muna hura murhu da ita, hayaƙin na shiga ƙirjin uwar gida da ɗan da ke bayanta. Wasu har jarkar maganin ƙwari suke wankewa su zuba ruwan sha, alhali robar takan tsotse gubar, wanki ba ya fitar da ita duka.

Don haka jama'a, in mun je sayen kwanon abinci, mu kifa shi mu duba. In mun ga 5, madalla. In babu komai, mu tambayi mai kaya, ko mu koma ga kwanon ƙarfe.