Gawo ba ya shan ruwan geronka, a bar masa ɓawonsa

Wani saƙon murya na WhatsApp ya zaga wayoyin mutanen Kwaya ta Nijar, ya kai Dungas da Magarya, har 'yan uwa da ke ci-rani a Kano suna turo shi gida. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai ce "wani masani" ne ya gaya masa. Ya ce kwana a ƙarƙashin itace da dare yana kisa. Ya ce ban ruwa da tsakar rana yana ƙona ganye. Sannan ya zo ga babbar maganarsa: wai gawo ne ke shanye ruwan gona, shi ya sa gero ke yaushi, kuma magani shi ne a kewaye gindinsa da gatari a ɗaye ɓawon, "itacen ba zai mutu ba, shan ruwa kawai zai daina".

Biyun farko ba su isa a ɓata musu lokaci ba. Iskar da itace ke fitarwa da dare ba ta taruwa a fili har ta shaƙe mutum. Abin tsoro a gindin itace tsawa ce da reshe mai karyewa. Ban ruwan rana kuma asara ce, don rana tana ɗauke rabonta, amma ba ya ƙona ganye.

Ta ukun ce ke sa mutane ɗaukar gatari. Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Manomin da ruwa ya yanke masa a tsakiyar damina, yana kallon ganyen geronsa na naɗewa, ga ƙaton itace tsaye a tsakiyar gona, dole ya zarge shi. Kuma gaskiya ne itace yana shan ruwa: saiwa tana tsotsowa, ruwan ya hau ta cikin katako, ya fice ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ganye. Fitar nan ce ke jawo wani ruwan daga ƙasa, tana kuma sanyaya ganyen. Darbejiya da turare, masu ganye cif a damina, suna iya takura shuka da inuwa da saiwa.

To, amma da wane ganye gawo zai sha ruwan damina? Kowane yaro a ƙasar nan ya san da ruwa ya sauka gawo yake zubar da ganye, sai kaka ya sake tohowa. Itacen da ba ganye ƙofofinsa a ƙasa suke, shansa kaɗan ne. In rani ya zo ya yi kore shar, gero yana rumbu, kuma ruwan da yake sha daga can ƙasa yake, inda doguwar saiwarsa ke kaiwa, mitoci da yawa ƙasa da inda saiwar gero ke tsayawa. Naɗewar ganyen gero da rana kuwa dabararsa ce ta rage asarar ruwa, ko a gonar da ba itace ko ɗaya haka yake yi.

Maganar ɗaye ɓawo ita ce ta fi ba ni haushi, don wanda ya ƙirƙiro ta bai san cikin itace ba ko kaɗan. Hanya biyu ce a jikinsa. Ruwa ta katako yake hawa. Abincin da ganye ya haɗa da hasken rana kuwa yana sauka zuwa saiwa ta wani siririn sashe mai danshi da ke manne da cikin ɓawo. In ka kewaye gindi ka ɗaye, hanyar ruwa tana nan ba ka taɓa ta ba, hanyar abinci ka datse. Itacen zai ci gaba da shan ruwa, ya yi watanni da ganyensa, mai gona ya ce ai ga shi bai mutu ba, ya tura saƙon gaba. A ƙasa kuwa saiwa tana cin ajiyarta, ranar da ta ƙare itacen ya bushe a tsaye. Datse rassan gawo da yawa ma yana rikita masa lokaci, ya riƙe ganye a damina, wato ya zo da inuwar da ake gudu.

Me ake asara? A Bambe ta Senegal da Sadore kusa da Yamai an auna, an samu gero ya fi yabanya a ƙarƙashin gawo. Yawan ƙarin ya bambanta daga gona zuwa gona, kuma masana suna ja-in-ja kan dalili: ganyen da ke ruɓewa daidai lokacin shuka, kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa, sanyin ƙasa, ko kuwa tun asali a wuri mai kyau yake tsira. Ba wanda zai ce maka gawo zai hana fari. Abin da awon ya nuna shi ne gero ya fi jin daɗi kusa da shi.

Kakanninmu sun riga masu awo. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo. Bayan farin 1984, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin tsiro suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya ƙiyasta kusan hekta miliyan 1 ta farfaɗo haka a jihar Damagaram, galibi da gawo. Aikin shekara 40 ne wani yake son a rushe da saƙon da ko suna babu.

Wanda ya riga ya fara ɗayewa ya tsaya nan. Muddin akwai ɓawon da ya rage a haɗe daga sama zuwa ƙasa, abinci zai bi ta nan, kuma itacen yana iya rufe ciwon daga gefe sannu a hankali. Mai son rage rassa kuma ya fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji, don gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar.