Wasa Ɗaya Ne Ya Yanke Tikitin

Wanda ya saba zama teburin mai shayi a unguwar Hausawa ta New Bell ya san kukan safiyar Litinin: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Matashi zai zaro takardar cacar ƙwallo daga aljihu, ta yi laushi da gumin Duwala, ya nuna wasanni goma da ya jera, tara sun ci, ɗaya ya ɓata. A ganinsa saura ƙiris, don haka gobe zai sake zuba sefa 500.

Hukuncin caca dai malamai sun gama bayaninsa. Lissafinta ne ba a cika tsayawa a yi ba. A ce yaron gwani ne, cikin hasashe goma yakan dace da bakwai. In ya haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya, sai duk sun ci za a biya shi, kuma damar hakan ba ta kai 3 cikin 100 ba. Damar tara su ci ɗaya ya faɗi kuwa ta kai 12 cikin 100. Ashe "saura ƙiris" ɗin nan ya ninka cin kuɗin sau huɗu wajen yawan faruwa, shi ne kuma ƙugiyar da ke dawo da mutum.

A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna cewa mutum yakan auna yiwuwar abu da saurin tuna shi. Wa ya manta Kamaru ta doke Ajantina a 1990, ko ƙwallon da Vincent Aboubakar ya zura wa Brazil a 2022? Haka labarin wanda ya ci miliyan ke zaga unguwa, alhali tikitan da suka faɗi suna cikin kwata, ba mai ƙirga su.

Lissafin cacar dawaki ta PMUC ma haka yake da wuya: in dawaki 16 ne a fili, hanyoyin jera ukun farko sun kai 3,360.

Ɗan'uwa, tara tikitanka na wata guda a leda, ka haɗa abin da ka zuba da abin da aka biya ka, kafin ka sake taɓa kuɗin cefane.