Ciwon Suga: A Ingila Masu Harhaɗa Magunguna Ma Suna Rubuta Magani

Duk ɗan kasuwar da ke fama da ciwon suga ya san wahalar ganin likita. Ranar da aka ce ya koma asibiti sai ta faɗo daidai da ranar kasuwar Jibiya ko ta Maigatari, ga kaya a mota, ga kuɗi a hannun mutane. Ƙarshenta sai ya miƙa wa mai kemis tsohon kwalin maganinsa ya ce a ba shi irinsa, a yi wata da watanni ba a sake auna jininsa ba.

To, a Ingila ma ganin likita sai an jira, amma ga yadda suka ɓullo wa lamarin. A shekarar 2003 aka ba masu harhaɗa magunguna da suka yi ƙarin karatu damar rubuta magani, bisa sharaɗin likita ne zai gano cutar, sannan su tsara yadda jinyar za ta tafi da yardar majiyyaci. A 2006 aka ƙara musu iko suka fara rubutawa da kansu. An kuma tsara cewa daga 2026, masu kammala sabon tsarin karatu za su fito da wannan izini tun ranar rajistarsu.

Ciwon suga na cikin cututtukan da tsarin ya fi dacewa da su, domin gano shi sau ɗaya ne, amma daidaita maganinsa aiki ne na tsawon rai. A can mai harhaɗa magunguna yana aiki ne tare da likita da nas da masanin abinci da masu duba ido da ƙafa, kuma fayil ɗin majiyyaci na gabansa. Zai duba gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku, sannan ya ƙara ƙwayar metformin, ko ya rage ta idan ƙoda ta fara rauni. Abin da ya fi ƙarfinsa kuwa ya mayar wa likita.

Lardin Alberta na ƙasar Kanada ya ba da irin wannan izini a 2007. A wani bincike da aka wallafa a 2013, masu harhaɗa magunguna a can sun ɗora mutum 100 kan allurar insulin suna bin diddiginsu, sai awon HbA1c ya sauka daga 9.1 zuwa 7.3 cikin wata shida.

Sai dai kada mai karatu ya ce ai mai kemis ɗin bakin tasha ma abin da yake yi ke nan. Ko kusa! Shi ba ya da fayil, bai ga gwajin ƙoda ba, balle mai tallar ƙwaya a faranti cikin rana. Ɗauki glibenclamide, wadda ake samu ko'ina a kasuwanninmu. Mutum ya haɗiye ta da asuba ya hau mota bai karya ba, a tsare su a bakin iyaka har azahar, sai suga ya faɗi: gumi, makyarkyata, ruɗewa, wani lokaci har suma. Abokan tafiya su ɗauka zazzaɓi ne, alhali abin da yake bukata a lokacin, muddin yana iya haɗiya, shi ne ruwan sukari ko lemo mai zaƙi, sannan abinci.