Daga Kwaleji Zuwa Jami'a: Hanyar Zama Injiniya A Amurka

A Amurka ɗalibai da yawa masu burin zama injiniyoyi sukan fara karatu ne a kwalejin gari ta shekara biyu, inda kuɗin makaranta ke da sauƙi, sa'an nan su ƙarasa a jami'a. Kowane darasi da ɗalibi ya ci akan rubuta masa wani awo da ake kira kiredit, galibi uku ko huɗu. Digirin farko kuwa yakan buƙaci kiredit 120 ko fiye.

To, amma sashen injiniya ba jimla kaɗai yake dubawa ba, har da abin da aka karanta. Alal misali, fiziks iri biyu ake koyarwa: wanda aka gina bisa aljabara, da wanda aka gina bisa kalkulas. Na biyun ne sashen ke karɓa. Wanda ya ɗauki na farko, ko da ya ci da kyau, tilas ya koma baya. Da yake darussan a sarƙe suke, kowane matakala ne ga na gabansa, kuskure ɗaya yana iya jawo ƙarin shekara guda da kuɗinta.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya gana da malamin ba da shawara tun zangon farko, ya kuma tuntuɓi jami'ar da yake nufi. A Kalifoniya akwai kundin ASSIST a intanet, mai nuna darasin kwaleji da ya yi daidai da na jami'o'in gwamnatin jihar. Haka kuma ya tabbatar hukumar ABET ta amince da kwas ɗin, domin hakan kan sauƙaƙa samun lasisin aiki. Matambayi dai ba ya ɓata.