Ratar Kuloci a Tsohuwar Volkswagen: Yadda Ake Gyara Ta

Tun watan Yuli na 2003 aka daina ƙera Volkswagen Beetle, motar nan mai ƙirar kunkuru wadda aka fara haɗawa a Ikko cikin 1975. Wanda duk yake da ita a yau, lalle ne ya tattala ta. Daga cikin abubuwan da suke kashe wa mai ita kuɗi a banza kuwa, har da rashin kula da ratar kuloci.

Idan mutum ya danna matakin kuloci da hannu, zai ji ya tafi sakwa-sakwa na ɗan taƙi kafin ya yi tauri. Wannan taƙi shi ne rata. Waɗansu direbobi sukan ɗauka lalacewa ce, su ɗaure ta tam. Kuskure ne babba, domin da gangan maƙera suka bar ta. A Beetle ana so ta kasance milimita 10 zuwa 20, watau kimanin rabin inci, ko sama da haka kaɗan. Akawu ko malamin makaranta ba ya rasa rula, da ita za a auna. Da hannu ake dannawa, gama ƙafa ba ta jin bambancin sosai.

Ga dalilin ratar. Tsakanin inji da akwatin giya akwai faifai wanda sifirin suke matsewa domin ƙarfin inji ya kai ga tayoyi. In an taka kuloci, waya ce take jan wani hannun ƙarfe, shi kuma ya tura boris ya saki faifan. To, yayin da faifan yake cinyewa, ratar raguwa take yi. In ta ƙare sarai, boris zai dinga juyawa ba hutu har ya lalace, faifan kuma ya riƙa zamewa: a taka totur a kan hawa, inji ya yi ta ruri, mota ba ta ƙara gudu. Daga nan sai ƙauri. Sake faifai kuwa a wannan mota sai an sauke inji dungum. In kuma ratar ta yi yawa, kulocin ba zai saki sosai ba, giya ta riƙa gurzawa, musamman ta baya.

Wurin gyaran yana bayan mota. A tsayar da ita a wuri mai daidai, a sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga bayanta, a cire tayar hagu. Kada a shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da abu mai ƙarfi. A gefen akwatin giya za a ga ƙarshen wayar ya ratsa hannun ƙarfen nan, da noti a kansa. Motocin 1966 zuwa gaba notinsu mai fukafukai ne, yatsu ma sun isa juya shi. Na kafin nan noti biyu gare su, sai an kwance na kullewa da sifana tukuna.

A riƙe wayar da filaya don kada ta murɗe. Ɗaure noti yana rage rata, sassauta shi yana ƙara ta. A riƙa juyawa rabi-rabi, domin notin yana da ƙusoshi biyu da suke zama cikin gurbinsu a jikin hannun. Bayan kowane juyi a taka kulocin sau uku ko huɗu, sa'an nan a sake aunawa. In ta yi daidai a shafa ɗan giris a kan zaren.

Amma fa idan aka gyara yau, bayan mako guda ratar ta sake yawa, to, a bar notin haka nan. Galibi silin wayar ne suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa bututun da take bi a cikin ƙashin bayan motar ya ɓalle daga waldarsa. Na farko sabuwar waya yake bukata, na biyu kuwa aikin mai walda ne.