Atlas ko Daran: Wa Ya Raɗa wa Duwatsun Magrib Suna?

Matafiyin da ya taso daga Sahara ya nufi Marrakesh ko Fas dole ya yi karo da katangar duwatsu kafin ya shaƙi iskar teku. Jerin duwatsun Atlas ke nan, mai tsawon kimanin kilomita 2,500, wanda ya faro daga gaɓar Atlantika a kudancin Maroko, ya ratsa Aljeriya, ya dire a Tunisiya. Ƙololuwarsa, Tubkal, tana kudu da Marrakesh. Tsayinta mita 4,167, babu wadda ta kai ta a Arewacin Afirka, kuma ƙanƙara ce ke lulluɓe ta da hunturu.

Ƙanƙarar waɗannan duwatsu ita ce rumbun ruwan yankin Magrib. Idan ta narke, kogunan Sebu da Ummur Rabi'i su gangara zuwa teku, Dra'a da Ziz kuma su malala kudu. Ziz ne ya raya Sijilmasa, zangon da ayarin zinariya da gishiri ke sauka ƙarni bayan ƙarni. Ta mashigin waɗannan duwatsu rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Basha ta fito, ta karya daular Songai a Tondibi a 1591. Har yau ƙasan wurin bai kwanta ba, domin faifan ƙasa da ke ɗauke da Afirka yana tunkuɗar na Turai da Asiya. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023 ta kashe kusan mutum 3,000, akasarinsu mazauna ƙauyukan kan dutse.

Sunan da duniya ta sani daga Girkawa ya fito. A tatsuniyarsu, Atlas wani ƙato ne da aka ɗora wa sama a kafaɗa a can ƙarshen yamma, sai suka laƙaba sunansa ga duwatsun da galibinsu labari kawai suke ji. Daga nan Tekun Atlantika ya samo suna, haka ma littafin taswira da ɗalibai ke buɗewa a aji, tun bayan wanda masanin taswira Makato ya tsara, aka buga a 1595.

Amma masu gida suna da nasu. Imazigen, waɗanda Larabawa ke kira Barbar, dangin Buzaye ta fuskar harshe, suna ce wa dutse adrar, babban sashen jerin kuma Adrar n Dern. Masanin Girka Istirabo da kansa ya rubuta, shekaru dubu biyu da suka wuce, cewa 'yan ƙasa Diris suke kiransa. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya san shi da Daran, inda Masmuda suke, mutanen da suka bi Ibn Tumart a Tinmal har suka kafa daular Muwahhidun, suka ci Marrakesh a 1147.

A ganina rashin adalci ne suna mai irin wannan tsufa ya ɓace daga taswira. Maroko ta sanya Tamazit, harshen Imazigen, cikin harsunan hukuma a 2011, Aljeriya ta bi sahu a 2016. Ya kamata masu rubuta mana littattafan labarin ƙasa su riƙa sa Daran kusa da Atlas.